Shuɗin Gilashi

Tasi'u mai hoto yana goge jan gilashinsa da bakin riga, Saude ta ɗaga labulen shagon ta shigo, ɗiyarta Hafsa goye a baya. Ba ta zauna ba. Ta aje hoto kan teburi.

Ya gane aikinsa. Makon jiya ya ɗauke shi, ranar kasuwar Anka. A hoton fuskar yarinyar sumul take, leɓe da haske, ido garau.

Shi kaɗai ya rage a garin mai aiki da fim na baƙi da fari, kuma jan gilashin nan da yake ɗaurawa a idon kyamara shi ya riƙe masa ciniki. Duk abin da yake ja, gilashin kan mai da shi fari a takarda. Ƙuraje su ɓace, fata ta yi haske. Mata na son haka, har hannunsa ya saba ɗaurawa ba tambaya.

"Baba Tasi'u, hotonka ya yi kyau," in ji Saude. "Kyawon nan ne ya kashe mu."

Ta yi bayani a taƙaice. Masu gwajin gubar dalma sun zo ƙauyensu Abare, sun ce a kwantar da Hafsa asibiti tare da uwarta, makonni. Mas'ud, mijinta, yana haƙar zinari a dajin Bukkuyum, inda waya ba ta shiga, kuma ba ta kwana wani wuri ba da izininsa ba. Ya aiko cewa a kai masa hoton yarinyar ya gani da idonsa. Jibo ɗan kabu-kabu ya kai a babur ɗinsa, ya komo da amsa.

Jibo ya leƙo daga ƙofa, hular kwano a hannu. "Dariya ya yi, Baba. Ya ce wagga ɗiya ta fi shi lafiya, likitoci dai na neman abin rubutawa."

"Mi ya hana ki hwaɗa mani don mi ake hoton?" Tasi'u ya tambaya.

"Na hwaɗi. Kana neman gilashinka cikin aljihu."

Ya tuna. Ta ce wani abu game da asibiti, shi kuwa ya ce ta ɗaga haɓar yarinyar.

Saude ta kwance goyon. Leɓen Hafsa ya tsage, gefen idanunta ja, kanta na rinjaya gefe guda. Jiya, in ji uwar, ta yi jijjiga sau biyu.

Tasi'u ya jawo gwangwanin da yake aje gilasan. Ruwan ɗorawa na ɗaukar gajimare, kore na ɗaukar gona. A ƙasa akwai shuɗi, naɗe a tsumma. Sau ɗaya ya taɓa amfani da shi, ga wani ango, angon ya yaga hoton a gabansa. Shuɗi na duhunta duk abin da ja ya ɓoye, har ya ƙara.

Ya tsaya da shi a hannu. Hoton gaskiya shi ne a ɗauka ba gilashi. Amma Mas'ud zai jera sabo da tsoho, ya ce bambancin haske ne kawai.

Ya ɗaura shuɗin. Ya sa Saude ta zauna bakin taga, inda rana ke bugun rabin fuska. Bai ce a ɗaga haɓa ba, ya ɗauki hoton Hafsa.

Bayan azahar ya fito daga ɗakin wankin hoto da takardar, da sauran danshi. Leɓen ya fito baƙi ƙirin, idanun sun faɗa rami. Yarinyar da ke barci kan benci ba ta kai haka ba. Tukuna.

Jibo ya karɓa, ya duba, ya dubi benci. "Subhanallahi. Baba, wanga ai ya ɓaci."

"Sa shi cikin riga kada iska ya lanƙwashe shi," in ji Tasi'u. "In Mas'ud ya tambaya, ka ce ni na ɗauka."