Rabin Shingen Baba Direba

"Riƙe mini reshen nan, Tela. A'a, ba haka ba, sai ka ce an ba ka wutsiyar maciji. Kama da kyau."

Tela ya miƙa hannu ta saman shingen ya kama, tef ɗin awo na rataye a wuyansa. Shi dai ya fito ne ya kwashe yadin mutane daga igiya tun kafin tsuntsaye su yi masa abin da suka saba, sai ya tarar da maƙwabcinsa, Baba Direba, a ɗaya gefen da almakashin lambu, ya riga ya aske rabin shingen.

Da can katanga ce tsakanin gidajen biyu. Wata damina katangar ta faɗi, Tela ya ce a kira mai bulo, Baba ya ce a dakata. Ya fito da wasu 'yan sanduna a jiƙaƙƙen buhu, waɗanda ya zo da su daga tafiyarsa ta ƙarshe kafin ya ajiye tuƙin babbar mota, ya jera su a ƙasa. Ba wanda ya san sunan shukar. Baba yana ce mata 'Yar Taurin Kai, don akuya ta ci ta dawo, rana ta ƙona ta dawo. Ta yi tsayi har ƙirjin mutum, ta cushe, ko kaza ba ta iya ratsawa. Takan yi 'ya'ya ƙanana jajaye, tsuntsaye su ci su ƙoshi, su zo kan igiyar Tela su sauke.

"Baba, abin nan fa ya mutu," in ji Tela. "Dubi, ko ganye ɗaya babu. Ka bari a yi katanga mu huta."

"Kai in ka tuɓe riga mutuwa ka yi? Barci take." Baba ya sa farcen babban yatsa ya kankare bawon. Ciki kore shar, har da danshi. "Ka gani?"

"To waɗannan busassun 'ya'yan fa, me ya hana ka yanke su?"

"Na baƙi ne. Yanzu ko'ina ba abinci, nan kaɗai suke samu."

"Baƙin da ke gode mini da kashi a kan farin yadi."

"Ado suke yi maka, kai ne ba ka iya godiya ba." Baba ya yi dariya har haƙorinsa guda na gaba ya fito. Ya kawo bakin almakashin kusa da reshen da Tela ke riƙe da shi. "Tsaya ka koyi abu. Ka ga ɗan idon nan, inda sabon ganye zai fito? To in za ka yanke, sai ka..."

Tela ya jira, ya ɗauka kalma yake nema. Baba ya saki almakashin, ya maƙale a cikin rassan. Ya zauna a ƙasa a hankali kamar wanda aka miƙo wa kujera, sannan ya kwanta ta gefe, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin kunci.

"Sai ka me, Baba?" in ji Tela.

Har yanzu yana riƙe da reshen. Sai da ya ga takalmin Baba ƙafa ɗaya ya fita, ƙafar kuma ba ta neme shi ba, sannan ya saki. Babu hanya ta cikin shingen. Ya fita ta shagonsa ya zagaya ta titi, ya faɗa gidan ba sallama. Iya, matar Baba, ta fito daga madafa hannunta da kumfar sabulu.

"Lafiya, Tela?"

Ya nuna mata gindin shingen da hannu.

Aka kira mai kemis na bakin titi. Ya durƙusa, ya taɓa wuya, ya buɗe ido, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Sai haƙuri, Iya."

"Yanzu fa ya ce in ɗora masa ruwan zafi," in ji Iya. "Yana kan wuta." Ta juya za ta je ta duba, matan maƙwabta da suka shigo suka riƙe ta.

Duk abin da aka yi bayan nan, Tela ya yi shi ne kamar mai tafiya cikin ruwa. An ce ya kama, ya kama. An ce ya matsa, ya matsa. Sai a maƙabarta wani ya taɓa shi ya ce, "Malam Tela, cire tef ɗin nan daga wuyanka." Duk wanda ya tambaye shi yadda aka yi, amsa ɗaya yake bayarwa: "Magana muke yi. Bai ma ƙarasa ba."

Da aka dawo, gida ya cika. Tsoffin direbobi, 'yan uwan Iya, mutanen layi, har wasu na tsaye a rana a bakin titi. Tsakar gidan Baba ƙarama ce. Tela na zaune a bakin shagonsa ya ji sara, ƙwas, daga ciki. Ya tashi ya leƙa. Babban ɗan Baba ne, bakanike, wanda aka kira daga gareji har yanzu da baƙin mai a faratansa. Adda ce a hannunsa, reshe ɗaya ya riga ya faɗi.

"Yauwa, Yaya Tela," ya ce, muryarsa a dishe. "Zan buɗe nan ne mutane su samu wurin zama ta gidanka. Ai ƙiraren nan sun bushe. Ka ga kai ma ka huta."

Tela ya dubi shingen. Rabi a aske tsaf, rabi buzu-buzu, ga almakashin a maƙale a tsakiya inda aikin ya tsaya. Shekaru yana fatan ranar da za a sare abin nan. Ya ji bakinsa ya ce, "Ajiye addar."

"Mutane na cikin rana."

"Zan fitar da keken ɗinki, su zauna a shago da tsakar gidana. Ƙofa a buɗe take."

"Kai ne fa kullum kake faɗa a kanta. Har gareji Baba ke zuwa yana ba mu labarinka."

"Da shi nake faɗan," in ji Tela. "Yanzu da wa zan yi?"

Ya sunkuya ya ɗauki reshen da ya faɗi, ya kankare bawon da farce, ya miƙa masa ta saman shingen. Bakanike ya dubi koren, ya shafa danshin da yatsa. Ya daɗe yana kallo. Sai ya jingina addar a bango, ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hannun riga.

Aka fitar da keken ɗinki da teburin yanka zuwa bakin titi, aka shimfiɗa tabarmi. Masu gaisuwa suka riƙa tsayawa ta gefen Tela suna yi wa Iya ta'aziyya ta saman rassan, ita kuma tana amsawa daga can.

Bayan mutane sun watse, kwanaki suka wuce ba wanda ya taɓa almakashin. Wata safiya Tela ya shanya yadi, ya tsaya. Iya na shara a ɗaya gefen.

"Iya, ya taɓa gaya miki yadda ake yankewa?"

"Ni? Ko tsintsiya ba ya bari in kai gindinta."

Tela ya zare almakashin, bakin ya fara tsatsa. Ya koma wajen rabin da Baba ya gama, ya bi yankan ɗaya bayan ɗaya, yadda yake yi in an kawo masa tsohuwar riga an ce ya ɗinka irinta. Ya ɗora yatsa ya auna. Kowane yanka faɗin yatsa ɗaya ne sama da idon, a karkace, gangaren yana kallon baya. Ya duba wani, haka. Ya duba wani, haka.

Ya dawo kan reshen da ya riƙe ranar, ya nemi idon, ya auna, ya yanke. Ya matsa gaba. Da ya iso reshe mai busassun 'ya'ya, ya ɗaga almakashin ya tsallake shi.

Iya ta daina shara, ta tsaya da tsintsiya a hannu. Wani ɗan tsuntsu mai ruwan ƙasa ya sauka a kan reshen da aka tsallake, ya tsinci ɗaya, ya haɗiye. Sannan ya tashi ya koma kan igiya, daidai saman farin yadin, yana goge baki.