Dokar da ta Shaƙe Fayawol

Injiniya na durƙushe a bayan durowar na'urori tana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, sai Sista ta turo ƙofa.

"Hoton kan majinyacin nan bai tafi ba har yanzu. Likitan ƙwaƙwalwa na can babban asibiti yana jira. Ya ce ba zai yanke komai ba sai ya gani."

"Yana tafiya, a hanya yake zubewa," in ji Injiniya.

Tun safe intanet ɗin asibitin ke tsinkewa. Ta sake tura gwaji. Fakiti, 'yan ƙunshin da ake yayyanka saƙo a cikinsu, wasu su isa, wasu su ɓace, kamar ɗibar ruwa da kwando. Ta canja waya, ba ta canja zani ba. Ta haɗa kwamfutarta kai tsaye da layin kamfanin intanet, komai ya tafi sumul. Ashe ɓarakar a cikin gida take, a fayawol, akwatin tsaron da duk abin da zai shiga ko fita sai ya bi ta cikinsa. Fankarsa sai gurnani take.

Ta buɗe dokokinsa. A can sama ta ga wata sabuwa da ba ita ta sa ba: a buɗe kowane saƙo na ma'aikata, a ajiye kwafinsa. Akwatin tsoho ne, an labta masa kayan da suka fi ƙarfinsa.

Manaja ya shigo. Mijin yayarta ne, shi ya kawo ta aikin nan.

"Ƙanwata, kira kamfani ki ce layinsu ne."

"Layinsu lafiya lau, Yaya. Wa ya sa wannan?"

Ya dubi allon, ya jira Sista ta fita, ya mayar da ƙofa.

"Ni na kawo wani ya sa jiya. Akwai mai kai ƙarata gaba daga cikin ginin nan, kuma sai na san ko wane ne. Gyara komai, amma kar ki taɓa ta."

"Ba za su zauna inuwa ɗaya ba. Ko ita, ko hoton."

"To a bari zuwa yamma."

"Jinin da ke taruwa a cikin kan majinyacin nan zai jira yamma?"

"Kin manta wanda ya tsaya miki? Me kike so in gaya wa yayarki?"

"Gaskiya. In ta yi maka nauyi, ni zan gaya mata."

Ba ta juya masa baya ba. Ta karkato allon yadda zai gani da kyau, ta goge dokar, ta haɗa da kwafin da aka tara. Fanka ta lafa. Ta tura gwaji, duk suka isa.

Ba a jima ba Sista ta leƙo tana haki. "Likitan ya gani. Ya ce a sa majinyacin a mota yanzu."

Manaja ya fita. Kafin Injiniya ta gama naɗe wayoyinta saƙonsa ya shigo: an dakatar da ita, ta ajiye makullan ɗakin a ofishinsa.

Ta zauna ta canja kalmar sirrin fayawol, ta kulle ɗakin. A baranda wayarta ta fara ruri, yayarta ce. Ta mayar da ita aljihu, ta wuce ƙofar Manaja da makullan a hannu, ta ƙwanƙwasa ta Babban Likita, shugaban asibitin.