Ƙafa Biyu Aka Ba Shi Aro

"Safiyatu, ina gajiya? Ya yara? Ya kasuwa? To... ya kuma kasuwar?"

Ina bayan labulen zaure ina kwashe ƙosai, na amsa ina danne dariya. Alhaji Babandi ne, maƙwabcinmu, dillalin albasa a kasuwar Bodija, mutumin da shekara da shekaru in ka gaishe shi gira kawai yake ɗaga maka. Yau ga shi ya dafa ƙofarmu yana jan gaisuwa kamar mai neman aure. Na san ba don ni ba ne, ƙafarsa yake jira ta sake shi.

'Yarsa Khaulat, mai aikin jinya, ita ta tona mini.

"Anti, kin ga yadda maiƙo ke toshe bututun kwata? Haka jijiyar jini. Kitse ke shiga bangonta a hankali, ya taru ya yi ɓawo, hanya ta ƙuntata. Jini ba ya isar ƙafar Baba, shi ya sa take kama shi in ya taka. Abin tsoro ranar da ɓawon ya tsage. Jini zai ɗauka rauni ne, ya daskare a wurin don ya liƙe, sai gudan ya toshe hanyar ɗungum."

Likita ya ce in yatsun suka yi baƙi, sai yankewa. Amma in ya riƙe magani, ya rabu da kitse, ya riƙa tafiya yana hutawa yana ci gaba, ƙananan jijiyoyi za su buɗe su kewaye toshewar.

"Ƙafa biyu Allah ya ba ni aro," in ji Alhaji. "Biyu zan mayar masa."

Sai dai ina girman kai zai bar shi a gan shi tsaye a titi yana ɗingishi? Shi ne ya fake da gaisuwa, don a unguwarmu ta Sabo ba a tambayar mai gaisuwa dalilin tsayuwarsa. Mu matan cikin gida duk mun gano shi, ba wadda ta ce uffan. In ya tsaya, mu ma sai mu ja, mu tambayi iyali, mu tambayi farashin albasa, har sai mun ji ya sauke numfashi.

Masu okada sukan rage gudun baburansu. "Baba, hau mana, ba sai ka biya ba."

"Wuce jare, ƙyale ni. Ni na ce maka na gaji?"

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa. Wata safiya na ji takunsa, na gyara murya zan amsa, sai ya wuce. Bai tsaya ba sai ƙofar Zulaihat mai ɗanwake, can kusa da masallaci. Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba. Sannan na gane ƙafar ce ta yi sauƙi, na saki guɗa ni kaɗai a kan kasko. Kafin azumi yana takawa har shataletalen Mokola ya dawo, gaisuwarsa kuma ta koma ɗaga gira. Wallahi ban taɓa murna da rashin kirkin mutum irin wannan ba.

Ranar Laraba ya taka zuwa la'asar. Aka idar, ya dafe ƙirji, ya jingina da bango yana kalmar shahada. Kafin a kawo keke mai ƙafa uku a kai shi asibiti, ya cika.

Khaulat ta ce ɓawon ne ya tsage, a jijiyar zuciya. Tana kuka, amma da na riƙe ta sai ta raɗa mini, "Anti, masu wanka sun ce yatsunsa goma cif, ba ko ɗaya da ya yi baƙi."

Na yi kuka, kuma na ji daɗi, duka a lokaci guda. Ya cika alkawari.

Bayan an dawo daga maƙabarta ladan ya kawo takalmansa daga ƙofar masallaci, ya ajiye a zaure. Da zan fita na duƙa na duba. Na dama da na hagu, duka dugadugansu sun cinye daidai.