Hannun Kumasi

A Kumasi Kailu ya koyi tuƙi, wurin wani maigida mai saurin hannu. A Gana ta lokacin, mota hagu take bi, kuma duk sanda Kailu ya karkata dama sai ya ji ranƙwashi a ƙeya. Da aka kori baƙi ya dawo Filinge, hannunsa ya riga ya haddace hagu fiye da yadda bakinsa ya haddace Fatiha.

Shekarar da ruwa ya ƙi, kwamandan Filinge ya nemi direban da zai kai dawar agaji garin Sanam a kamiyon, wato babbar mota. Kailu ya yi tsalle ya karɓa, don uwarsa Tambara tana can, kuma labari ya zo cewa ganye suke dafawa. Da aka tambaye shi ko ya san dokar hanyar nan, ya yi dariya.

"Dama ce, ranka shi daɗe. Mi ag gare ta mai wuya?"

Gaskiya babu wuya, tunda a hanyar Sanam kowa tsakiya yake bi. Ya yi ta wuce mutane suna gangarowa kudu da ƙafa, da ƙwarya da tabarmi a ka. Bai tsaya ba, an hana shi.

Yana hawa wani tudu sai ga motar jandarma ta taso gaba da gaba. Kansa ya ce dama, hannun ya riga ya tafi hagu, inda su ma suka nufa. Ya ƙara murɗawa don ya kauce musu, kamiyon ya faɗa kwazazzabo ya kwanta a gefe. Buhuna suka fashe.

Ba wanda ya ji ciwo. Jandarma suka zage shi tas, suka karɓe makulli, suka tafi neman taimako. Kafin su ɓace masu tafiya sun iso, mata suka durƙusa suna kwasar dawa haɗe da yashi. Kailu ya zauna kan taya, kunya da baƙin ciki suka hana shi ko ɗaga kai.

Wata tsohuwa, sa'ar uwarsa, ta ƙulle rabonta a bakin zane ta matso ta dafa shi.

"Allah shi yi ma albarka, ɗana. Motoci nawa sunka wuce mu, kai ɗai kat tsaya muna."

Ya tambaye ta daga ina suke. Ta ce daga Sanam, masu sauran ƙarfi ne suka fito, waɗanda ba su iyawa suna can suna jiran mota.