Lanhon Yaya Hambali

Shekara ɗaya bayan samun ƴancin kai aka turo ni buro, ofishin gwamnati na Agiye, in koyi aikin kwantabul, wato lissafin kuɗi, wajen Mushe Dikko. Mushe shi ne malam a yaren Nasara. Da ya ga ba ni da yawan magana, sai ya ba ni teburin kusurwa da babban littafin lanho, harajin kai, inda aka rubuta kowane gida da mutanensa.

Wata safiya ya ajiye mini takardu. "Mero, ga darasin yau. Wanda ya rasu a ja wa sunansa jan layi, a sa kwanan wata. Ba a karɓar lanhon mamaci, ko da iyalinsa sun kawo. Kin gane?"

"Na gane, Mushe."

Takarda ta huɗu daga Kumasi ta fito, da hatimin wani asibiti. Hambali ɗan Na'Allah tela, Agiye. Yayana ke nan. Shekara uku da tafiyarsa neman kuɗi, tun bara ba wasiƙa. Wata bakwai da rasuwarsa, takardar na ta yawo daga wannan buro zuwa wancan, ba wanda ya kai ta gidanmu.

Na ja layin. Mushe Dikko ya leƙo ya ce ya miƙe sosai. A gida ma na kasa buɗe baki, ina zaune Inna na zancen yaɓe ɗakin Hambali kafin ya dawo.

Kowa mai gari yake ba lanhonsa, amma Baba ya ce bana da kansa zai kawo, ya ga ƴarsa bisa kujera. Washegari sai ga shi da amininsa Kawu Buba.

"To Madam kwantabul," in ji Kawu Buba, "a yi mana ragi, mu muka goya ki."

"Wannan?" Baba ya yi dariya. "Ko gishiri ba ta ragawa a miya."

Ya fara biyan patanti, harajin rumfarsa ta ɗinki, na ba shi takarda. Sannan ya kwance bakin rawani ya zube sauran kuɗin. "Kai biyar."

"Huɗu ne, Baba."

"Ka ji bokon lakol! Ƙirga da yatsa, uwata. Ni, uwarki, Inusa, ke, Hambali."

Na juya littafin na tura gabansa. Baba bai iya boko ba, amma ya san shafin gidansa. A sama akwai sunan Gogo, mahaifiyarsa, da jan layi tun shekara shida. Ya dubi nata, ya dubi na ƙasa. Ya ɗora yatsa a kai ya daɗe.

"Wa ya ja wannan?"

"Ni ce."

"Yaushe?"

"Jiya, Baba."

Kawu Buba ya fara salati a hankali. Mushe Dikko ya taso, ya karanta sunan, ya dube ni, sai ya cire tabarau ya rasa inda zai ajiye.

Baba ya turo mini kuɗin duka. "Karɓi na bana kaɗai. A bar mini shi har kaka."

Na dubi Mushe Dikko. Ya girgiza kai, idonsa a ƙasa.

Na ware na mutum ɗaya na mayar gefe, na rubuta huɗu, na buga hatimi. Baba bai taɓa kuɗin ba, Kawu Buba ne ya tattara ya sa a aljihunsa.

A bakin ƙofa Baba ya tsaya, bai juyo ba.

"Uwarki ta sani?"

"A'a."

"To taso. Ni kaɗai ba zan iya shiga gidan nan ba."