Toka Mai Ɗumi

Ruwa ne zalla a tukunyar da Kande ta ɗora kan murhun gidan ɗanta. Ba tuwo take nufi ba, so take hayaƙi ya haura katanga, duk mai wucewa ta lungun ya gani. Ta tura kara biyu, ta hura har idanunta suka kawo ruwa, sannan ta share tsakar gidan da babu mai taka shi sai ita da ƙadangaru.

A shekarar ce fari ya ƙone gero tun bai kai gwiwa ba. Mazan Matameye sun tafi cin rani Kano kamar yadda suka saba, sai aka rufe iyaka, rani ya wuce ba su dawo ba. Cha'ibu, ɗan farin Kande, yana cikinsu. Matarsa Balki ta jira har rumbu ya ƙare, ta goya yaro ɗaya, ta ja biyu, ta bi sawunsa ta ɓarauniyar hanya. Wata goma sha huɗu ke nan ko saƙon baki babu.

Ana cikin haka mai shela ya zagaya gari. Kumandan, wani soja da ba ya maimaita magana, ya ce za a fitar da tituna. Duk gidan da aka tarar babu kowa, ko ba a biya masa lanho ba, wato haraji, ya zama na gwamnati, a rushe a sake yanka filin. Ana kukan targaɗe ga karaya ta samu. Kowa dai a cikinsa ya faɗa, don zamanin soja ne, baki shi ke yanka wuya.

Kande ta sayar da akuyarta ta ƙarshe, ta biya lanhon gidan Cha'ibu, ta ƙulle takardar a haɓar zane. Sai labari ya zo daga garin Kance cewa ma'aikacin da ke zagayen ba ya tsayawa jin rantsuwar kowa. Murhu yake nufa ya cusa hannu a toka. In da ɗumi, gida na da rai. In da sanyi, a shafa wa ƙofa farar ƙasa.

Tun daga ranar ta ɗauko tabarmarta ta tsallako. Gidanta yana fuskantar na ɗan, tsohon gini ne da marigayi mijinta Mahamadu ya ɗora da hannunsa, a nan ta yi haihuwa bakwai ta binne huɗu. Amma shekarar da ba a yi gero ba, ba a yi kara ba, tsohuwa ɗaya ba ta iya ciyar da murhu biyu. Ta fara zare darnin gidanta tana ƙonawa a na Cha'ibu. Da darni ya ƙare ta koma kan rumfa.

Abin mamakin, wannan ɗa ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba. Kunyar ɗan fari ce. Tun yana jariri ba ta ɗauke shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta yaye shi, in za ta yi zancensa sai ta ce "yaron nan". Ranar da zai tafi ma ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, ta ce Allah ya kiyaye tana kallon wani gefen. Wannan ranar ita ke cinta yanzu.

Tanko mai unguwa taubashinta ne, ba ya wuce ta bai tsokane ta ba.

"Kande, duk wannan hayaƙi don yaron da ko sunansa ba ki sani ba?"

"Ina ruwana da shi? Jikokina nake ji. Ka wuce da guntun gemunka."

Ranar Talata da hantsi masu zagayen suka iso unguwar. Ma'aikacin ne a gaba, wanda ake kira Mushe Muntaka, ɗan Damagaram, siriri, riƙe da littafi. Tanko na biye, sai gardi, dogarin gwamnati, ɗauke da bokitin farar ƙasa. Ba mugu ba ne Mushe Muntaka, gajiya ce ta cinye masa fara'a. Ya yi sallama ya wuce murhu kai tsaye, ya tsuguna ya cusa yatsu, ya janye da sauri yana yarfewa. Ya duba takardar lanho, ya leƙa ɗaki ya ga tabarma da buta.

"Inna, gidan wa ke nan?"

"Na yaron nan ne."

"Wane yaro?"

Tanko ya buɗe baki, Mushe ya ɗaga masa hannu.

"Yi haƙuri, Baba. Masu unguwa sun sha rufa wa mutanensu asiri. Umarni ne, wanda ke cikin gida shi zai faɗa. Inna, na san al'ada, ni ma ɗan fari ne. Amma sai na ji daga bakinki ya dace da abin da ke takarda."

Kande ta dubi gardi, ta dubi bokitin. Shekara talatin da takwas sunan nan na zaune a ƙirjinta. Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

"Cha'ibu," ta ce. "Cha'ibu Mahamadu."

Tanko ya sunkuyar da kai, yau ba tsokana. Mushe ya rubuta, ya ce gida ya tsira.

Suka tsallaka lungu. Kande ta biyo su a baya, don sai a lokacin ta tuna akwai wani murhun. Babu darni, babu rumfa, tururuwa ta yi gida tsakanin duwatsun girki. Mushe bai ma sha wahalar tsugunawa sosai ba. Ya taɓa tokar, ya goge hannu a wando.

"Wannan fa? Babu shi cikin waɗanda suka biya."

"Ai Mushe, wannan gidan..." Tanko ya fara.

Kande ta yi masa wani kallo da ya sa ya haɗiye sauran. Lissafin a fili yake: in ta ce a nan take zaune, to wa ke zaune a can?

"Mai gidan ya rasu," in ji ta. "Matar kuma ta tashi."

Ba ta yi ƙarya ko ɗaya ba, shi ya fi yi mata ciwo. Mushe ya daɗe yana kallonta, ya kalli hayaƙin da ke tashi a ɗaya gefen. Ko ya gane ko bai gane ba, Allah masani. Ya yi wa gardi alama, gardi ya tsoma tsumma ya ja layi biyu a ƙofar da Mahamadu ya sassaƙa.

"Kwana bakwai. In akwai dangi, su kwashe abin da za su kwasa."

Ranar da aka rushe, Kande ba ta fito ba, ta ji faɗuwar bangon daga inda take zaune. Da la'asar Tanko ya shigo da azara biyu a kafaɗa, 'ya'yansa na biye da sauran. Suka jingine su a kusurwa. Ya tsaya yana murza hula.

"Ki ajiye su. In Allah ya kawo sauƙi sai a sake ɗora miki ɗaki."

Kande ta tashi ta shafa guda ɗaya. Har yanzu da baƙin hayaƙin girkinta na shekara arba'in a jiki. Ta ƙirga su da ido, ta dubi murhu.

"Za su kai damina kuwa?" ta ce. "Miƙo mini gatarin can."