Makullin Ɗakin Ƙasa na Cocin Norvik

Kwana tara ke nan Corinne Tveit ba ta kai kwalba baki ba, kuma ta san muddin ba ta sami masu irin ciwonta ta zauna da su ba, ba za ta kai na sha biyar ba. Alƙali ya karɓe mata lasin tuƙi tun ranar da ta afka wa shingen wani manomi. Da ta ga a waya cewa masu son rabuwa da giya suna haɗuwa kowace Talata a ɗakin ƙasa na cocin garinsu, Norvik, sai ta taka da ƙafa.

Ta tarar da ƙofa a kulle. Matar da ke sharar cocin ta ce, "Ai wannan taron ya shekara shida da mutuwa. Wa zai ajiye motarsa a nan ranar Talata gari ya gani?"

Gaskiyarta. Norvik mutum ɗari huɗu ne, kuma kowa ya san a-kori-kurar kowa tun daga ƙarar injinta.

Taro mafi kusa yana garin Brekke, mil sittin, Asabar da hantsi. Ta roƙi direban tankar madara ya rage mata hanya, ta ce masa haƙori za a cire mata.

Tana sauka matakalar cocin Brekke, ƙamshin kofi ya tare ta, sai ta tsaya tana kallon mutanen da ke ciki. Ga Merle mai gyaran tarakta a Norvik. Ga Malama Joyce da ta koya mata karatu a firamare. Can kusa da tukunyar kofi kuwa Kawu Arlen ne, yayan mahaifiyarta, dattijon coci, wanda a kowane biki yake cewa cikinsa ne ba ya jituwa da giya. Mutum sha biyu ne a da'irar kujerun. Bakwai 'yan Norvik ne.

Ta zauna, amma ko kalma ɗaya ba ta shiga kunnenta ba. Da aka tashi ta bi su waje, ta ƙirga motocin garinsu. Bakwai cif.

"Kawu, kowa da motarsa kuka zo?"

"Sannu da zuwa, 'yata," in ji shi, yana kallon takalmansa. "Na yi murnar ganinki."

"Ba abin da na tambaye ka ba ke nan."

Merle ya yi dariya. "Ni har rage gudu nake yi kada in wuce kawunki mu haɗa ido. Shi kuma tuƙinsa kamar mai rakiyar gawa."

Ba ta yi dariya ba. Ƙanenta Nolan ne ya faɗo mata a rai, wanda aka binne bara bayan giya ta kashe masa hanta. Shi ma an karɓe masa lasin. Ta tuna wata Talata da ya dawo gida yana dariyar yaƙe, ya ce ko cocin ma ya rufe masa ƙofa. A lokacin ta ɗauka surutun maye ne.

"Shekara nawa kana zuwa nan, Kawu?"

"Sha tara."

"Kowace Asabar kana wucewa ta ƙofar Nolan, kujerar gefenka babu kowa."

"Ƙa'ida ce, Corinne. Wanda ka gani a nan, a nan za ka bar shi."

"Ka bar na wani, aka ce. Wa ya hana ka faɗin naka?"

Ƙa'idar da aka kafa don rufa wa mai rauni asiri, su sun mayar da ita bargon rufe kunyarsu, sun kwanta a ciki shekara da shekaru, suna yaba wa kansu da riƙon amana.

Corinne ta ce, "Ba ni da lasin. Direban madara ba zai yarda ana cire mini haƙori kowane mako ba."

"Zan riƙa ɗauko ki," in ji Arlen da sauri. "Ki jira ni bayan rumbun alkama, inda ba a..."

"Asabar ta yi mini nisa, Kawu. Ba zan kai ba."

Malama Joyce ta gyara jakarta a kafaɗa, ta yi magana da muryar nan da take tsawatar wa 'yan aji uku. "Arlen, ba ta makullin ɗakin ƙasa na cocinmu. Duk mun san yana wurinka."

Corinne ta zuba masa ido. Ya zaro tarin makullansa, ya daɗe yana fama da zoben da farce kafin wani ɗan ƙaramin makulli ya fito, ya miƙa mata. Shekara shida yana rataye tare da na motarsa. Ranar da Nolan ya tsaya a ƙofar nan ma, yana aljihunsa.

Ranar Talata da ƙarfe huɗu ta buɗe ɗakin, ta kakkaɓe kujeru takwas, ta ɗora kofi. Rabin awa ta yi ita kaɗai. Sai ta ji ƙarar injin da ta sani tun tana yarinya, na motar Kawu Arlen. Ta leƙa ta 'yar tagar da ke daidai da ƙasa. Motar ta wuce cocin, ta nufi bayan rumbun alkama, ta tsaya jim kaɗan. Sannan ta yi baya a hankali, ta zo ta tsaya a bakin ƙofa.